Tambayar Gishiri da Ta Rikita Yaya Lami

Yayata ba ranar Alhamis aka haife ta ba, amma Lami kowa yake kiran ta. A asibiti ta samo sunan. Tun da ƙuruciyarta ta kama aiki a kicin ɗin babban asibitin da ke bayan tashar mota. Ta fara da wankin tukwane da firar dankali, har aka lura hannunta ba ya rawa wajen awo, aka damƙa mata tukunyar masu ciwon zuciya da hawan jini. Wannan tukunya ba ta ganin gishiri, man ma sai dai a nuna mata shi daga nesa. Idan Yaya ta turo keken abinci ta shiga ɗakin marasa lafiya, tun daga bakin ƙofa wani zai ɗago kai daga matashi ya ce, "Jama'a, ga lami ta iso." Da fari abincin suke nufi. A hankali aka daina rarrabe abincin da mai dafa shi, sunan ya bi ta har gida.

Ni ce ƙanwarta mai bi mata. Ɗinki nake yi, shagona kuma yana kan hanyarta ta komawa gida, shi ya sa labarinta ba ya wuce ni. Gajeriya ce mai jiki, tana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu inda murfin tukunya ya taɓa lasar ta. Ba ta da yawan magana. Karatu ma ba ta yi nisa ba, in tana karanta takarda sai ta bi layi da ɗan yatsa, leɓenta na motsi. Amma in ta yarda da abu, to ta yarda ke nan, ko da igiya ba ka ja ta. Abin da ta fi yarda da shi a harkar aikinta kuwa shi ne gishiri maƙiyin mai ciwon zuciya ne. Likitoci suka faɗa, ita kuma ta riƙe da hannu biyu.

Mijinta tsohon direban babbar mota ne, mu duka Direba muke ce masa. Da hawan jini ya sauke shi daga kan sitiyari, likita ya hana shi gishiri, sai ya tarar a gida ma lamin ce take jiran sa. Ya yi roƙo, ya yi fushi, ya yi yajin cin abinci na rabin yini, duk a banza. Ta taɓa kama ƙullin gishiri a cikin hularsa. Wata rana kuma ta buɗe bayan rediyonsa za ta sauya batir, ta tarar da wani ƙullin a maƙale. Yakan ce mini, "Tela, yayarki ba matar aure ba ce, asibiti ce mai ƙafa biyu."

Haka rayuwarsu take tafiya har shekarar da shugabar kicin ta kusa yin ritaya. Yaya ta so kujerar. Ba don girma ba, gwiwoyinta ne suka fara ƙin tsayuwa a gaban murhu, ita kuwa shugaba a zaune take aikinta, makullin sito a ƙugunta. Sai hukumar asibiti ta ce duk mai son muƙamin sai ya zauna jarrabawa. Yaya ta ce a kawo, in dai girki ne. Aka ce ba girki ba ne, gwajin tunani ne. Wata abokiyar aikinta ta ba ta kwafin tsofaffin tambayoyi, wanda aka yi ta ɗaukar hotonsa daga hoto har rubutun ya fara dusashewa, shafin amsoshi kuma babu shi, ya ɓace tun a hannun wani.

Wata rana da la'asar ina kan keke ina haɗa hannun riga, sai ga ta ta shigo ko sallama ba ta gama ba, farar hular aiki na kanta ba ta cire ba. Ta zauna a kan bencin masu jira ta ce, "Tela, tsai da keken nan ki saurare ni."

Na tsayar. Ta buɗe takardar, ta ɗora yatsa, ta karanta mini a hankali. Tambayar ta ce wai a wani gari masu bincike sun ƙirga mutane da yawa, sun gano cewa masu cin abinci marar gishiri sun fi masu cin gishiri yadda suke so yawan ciwon zuciya. Saboda haka, barin gishiri yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon zuciya. Sannan aka ce: wanne daga cikin waɗannan, idan gaskiya ne, zai fi raunana wannan hukunci?

Ta ɗago ta dube ni. Idanunta sun yi ja.

"Kin ji? Barin gishiri yana ƙara ciwon. Ni kuwa tun kafin ki koyi zare allura nake hana mutane gishiri."

Na ce, "Yaya, ai tambaya ce kawai."

"Tambaya ce da asibiti suka bayar. Su da suka sa ni dafa lamin. In sun san haka, me ya sa ba su gaya mini ba, sai a takardar jarrabawa zan tsinta?"

Na ce ta karanta sauran mu ji. Zaɓi huɗu ne. Na farko ya ce yawancin mutanen garin suna ganin abinci marar gishiri ba shi da daɗi. Na biyu ya ce akwai masu cin gishiri da yawa da suka tsufa lafiya ƙalau. Na uku ya ce yawancin waɗanda suka bar gishiri, likita ne ya hana su bayan an riga an gano ciwon a jikinsu. Na huɗu ya ce likitocin garin sun daɗe suna ba mutane shawarar rage gishiri.

"Na huɗu ne," in ji ta. "Shi ne gaskiya. Likitoci sun faɗa." Ta sake duban takardar. "Amma na farko ma gaskiya ne, ba daɗi, ni ma na sani. Na biyu kuma ai Babanmu ke nan, Allah ya jiƙan sa, har a kan lemo yake barbaɗa gishiri, ya kai tsufa da haƙoransa. Na uku ma gaskiya ne. To duka gaskiya ne, Tela. Wanne zan bari?"

Ni dai ban sani ba. Na ce mata ko ta zaɓi wanda ya fi tsawo, haka muke yi muna makaranta. Ta harare ni, ta naɗe takardarta ta fita.

Kuskuren da ta yi shi ne karanta wa Direba tambayar. Washegari da na leƙa gidan na same shi a tsakar gida a kan kujerarsa ta roba, ya miƙe ƙafa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

"Tela, kin ji abin da turawan bincike suka gano? Ashe ni ake cuta a gidan nan. Shekara da shekaru ana tura ni kabari da cokali."

Yaya daga kicin ta ce, "Ba a ce turawa ba, kuma ba a ce kai ba."

"An ce masu cin lami. Wa ya fi ni cin lami a duniyar nan? Amsar ma na san ta, ta farko ce. Ba shi da daɗi. A rubuta, in an kayar da ke ki zo ki same ni."

Da dai a dā ne, da kalma ɗaya za ta rufe masa baki. Amma ban da ranar. Ina jin ƙarar ludayi a tukunya ta tsaya, ta daɗe ba ta ci gaba ba. A nan na gane abin ya shige ta sosai.

Sai na kira autanmu. Shi malamin lissafi ne a makarantar sakandare, Ticha muke ce masa, kuma shi ne mai dogon karatu a gidanmu. Ya zo ranar da ba makaranta, muka zauna a ɗakin Yaya, fanka na juyi tana ƙugi a sama. Ya karanta tambayar sau ɗaya ya yi murmushi.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Garin nan babu shi. Ƙirƙirar sa aka yi don jarrabawa."

"Mutanen da suka kamu da ciwon fa?"

"Su ma babu su."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Ashe ƙarya ce."

"A'a, kada ki ce ƙarya ce. A cikin jarrabawa dole ki ɗauka gaskiya ce."

"Yanzu ka ce babu su."

"Babu su, amma ki ɗauka akwai su."

"Auta, kai ma ka ji abin da bakinka yake faɗa kuwa?"

Ya gyara zama. Ya ce mata abu biyu ne a cikin tambayar, akwai abin da aka ƙirga, akwai kuma hukuncin da aka yanke a kan ƙirgar. Ƙirgar ba a taɓa ta. Hukuncin ake so a girgiza. Ta ce to ai na huɗu ya girgiza shi, tun da likitoci sun ce ba haka ba ne. Ya ce na huɗu bai ce komai a kan ƙirgar ba, mai hukuncin zai iya cewa likitocin ne suka yi kuskure, ga shi ƙirga ta nuna. Ta ce likitocin namu? Ya ce a'a, na garin. Ta ce garin da babu shi? Ya dafe goshi.

"Amsar ta uku ce, Yaya."

Ta sake bin na uku da yatsa. "Ina! Wannan ai goyon bayansu yake yi. Ga shi ya ce masu barin gishiri masu ciwo ne. Abin da suka faɗa tun farko ke nan."

Ticha ya waiga ya gan ni, sai ya ce bari ya kawo misali. "A ce an ƙirga mutanen da ke shagon Yaya Tela, aka ƙirga na kan titi. Aka ga na shagon sun fi yawan yagaggun kaya. Sai a ce Tela ce take yaga wa mutane kaya?"

Na ce, "Kai, kada ka ɓata mini sana'a."

Yaya ta ce, "Ai kuwa ta taɓa yaga mini sabon zane, wai almakashi ne ya zame."

Direba ya leƙo ta taga ya ce shi ma wandonsa da ya kawo a rage masa tsawo, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Nan zance ya koma kaina. Ina kare kaina, Direba yana zuga, Ticha yana ta cewa a dawo kan tambaya, ba mai jin sa. Da zai tafi ya ce mata ta haddace kawai, in ta ga irin wannan ta nemi abin da ya riga wani faruwa. Ta ce to. Amma to ɗin da na sani ne, wanda ake faɗa don baƙo ya samu ya tafi.

A asibiti ba ta sauya komai ba. Ta tambayi sistar ɗakin masu ciwon zuciya, sista tana sauri da tiren allurai ta ce mata, "Inna Lami, abin da likita ya rubuta shi za ki bi, ki bar takardar jarrabawa a jaka." Ta bi. Amma ta gaya mini in tana zuba wa marasa lafiya abinci, sai ta ji ba ta iya haɗa ido da su. Wani tsoho ya ce mata Allah ya yi albarka, ta tura kekenta ta yi gaba.

A gida ne abin ya fashe. Na je kai mata ɗinki da rana, ranar hutunta, na tarar ta yi miya tukunya biyu. Ta zuba shinkafa a faranti biyu, ta ajiye su a gaban Direba, ta koma ta tsaya a jikin ƙofa ta harɗe hannu.

Ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Yau baƙi za mu yi?"

"Ɗaya da gishiri, ɗaya babu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni ban san wanne ne zai kashe ka ba. Ka zaɓa da kanka."

Na zaci zai yi tsalle. Sai na ga ya ɗauki cokali. Ya ɗanɗana na dama, ya lumshe ido, har wani ɗan sauti ya fito masa daga maƙogwaro. Ya kai cokali na biyu. A na uku sai hannunsa ya tsaya a hanya. Ya dube ta.

"Lami, da gaske ba ki sani ba?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya ajiye cokalin. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye gishiri a hula, yau an ba shi a faranti, ya kasa ci. Ya ce, "To ni da wa zan yi faɗa yanzu? Ai da can ina ci a ɓoye ne don na san akwai mai hana ni." Ta ɗauko na'urar awon jini ta ɗaura masa a dantse. Ta auna, ta sake aunawa, lambobin suka ƙi zama ɗaya. Ya ce na'urar ma ta rikice. A ƙarshe ni na cinye mai gishirin, shi ya ci lamin yana ƙunƙuni, ita kuwa ba ta ci komai ba.

Bayan 'yan kwanaki ta sake faɗo mini shago, wannan karon da saurinta har tana haki. Ina da mai jiran ɗinki a kan benci, ta matsar da ita gefe ta zauna.

"Tela, an kawo wani mahauci."

Na ce Allah ya ba shi lafiya, sai me?

Ta ce ƙato ne, wuyansa kamar turmi, a bakin teburinsa na kasuwa ya dafe ƙirji ya faɗi. Da ya farfaɗo aka kwantar da shi a ɗakinsu, likita ya hana shi gishiri. Da ta kai masa abinci ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska ya ce, "Baiwar Allah, ni tun da uwata ta yaye ni ban taɓa cin abu irin wannan ba. Yau kin shigar da ni ƙungiyarku." 'Yan ɗakin suka yi dariya, wani ya ce masa barka da zuwa.

"Sai na tsaya da ludayi a hannu," in ji ta. "Na ce a raina, da masu ƙirgar nan za su shigo yanzu, a wane layi za su sa shi? Layin masu lami. Ga shi da ciwo. Sai su rubuta lami da ciwo. Alhali jiya-jiya yana can yana cin gishirinsa. Ciwon ne ya kawo shi wurina, ba ni na kai shi wurin ciwon ba. Kin gane?"

Na ce kamar na gane.

"Kowa da ke ɗakin nan haka ne. Da ciwonsu suka zo. Ni daga baya na same su." Ta dafa gwiwata. "Na ukun ne, Tela. Abin da Auta yake ta faɗa ke nan da yagaggun kayanki."

Matar da ke jiran ɗinki ta ce wane kaya ne ya yage, ba dai nata ba. Na ce mata a'a.

Na ɗauka an gama ke nan. Yaya ta karɓi wayata ta kira Ticha tana murna, ta ba shi labarin mahauci. Ya ce madalla, ta kama bakin zaren. Sai ta ce, "To ka ga, ashe dai lami magani ne."

Ina jin muryarsa ta cikin wayar. "A'a Yaya, tambayar ba ta nuna haka ba."

Murmushinta ya tsaya. "Ba ta nuna ba kamar yaya? Ba mun kayar da su ba?"

"Kin nuna hujjarsu ba ta da ƙarfi. Ba ki nuna lami na magani ba. Wannan wani bincike ne daban, shi likitoci suke dogara da shi, ba wannan ba."

"To in hujjarsu ta faɗi, ba tawa ce ta tashi ba?"

"Tasu ta faɗi. Taki tana inda take."

Ta mayar da wayar ɗaya kunnen. Sannan ta ce, "To ni me na samu a duk wahalar nan?" Ya ce ta samu maki ɗaya. Ta miƙo mini wayar ba ta ko yi masa sallama ba. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kuma Babanmu fa? Shi a wane layi yake?" Amma daga ranar tukunya ta koma ɗaya a gidanta, Direba kuma ya koma ƙorafinsa da ƙarfinsa, har ya fi dā walwala.

Ranar jarrabawa na ɗinka mata sabuwar riga mai ruwan toka. A wani dogon ɗaki na saman bene aka zaunar da su, inda ake yi wa ma'aikata taro, kujerun masu ɗan allo a hannun dama, irin waɗanda ba a yi su don mai jiki ba. Ta ce da ƙyar ta shiga, kuma tun da ta shiga take tunanin yadda za ta fita. Ta buɗe takarda tana neman tambayar gishiri. Babu ita. Akwai ta jiragen ƙasa, akwai ta wasu 'yan'uwa da aka ce a jera su bisa tsawo. Can ƙasa sai ga wata a kan abinci: wai masu yawan cin kifi ba su cika ciwon zuciya ba, saboda haka kifi yana kare zuciya. Ta ce sai ta ji daɗi, ta ce ga 'yar gida. Ta shiga neman mahaucinta a cikin zaɓin, wanda ciwo ya riga abinci. Ta nema sama, ta nema ƙasa, ba shi. Sai da ta sake bin tambayar da yatsa ta ga ba a ce a raunana ba, cewa aka yi wanne zai ƙarfafa.

"Nan kaina ya ɗaure," ta gaya mini daga baya. "Na koyi rushewa, aka ce in yi gini. Akwai wani zaɓi da ya ce masu cin kifin da marasa ci duk ɗaya suke wajen motsa jiki da shan taba. Na ce to wannan me ya haɗa shi da kifi? Na wuce shi. Na dawo. Na ce ko dai shi ne, tun da ya toshe wata ƙofa? Na sa masa alama, na goge, na sake sawa, har takardar ta huje."

Tana kan wannan mai tsaron jarrabawa ya ce a ajiye alƙalami. Shafi guda cur ba ta ko duba ba.

Ba ta ci ba. Wata yarinya da Yaya ta koya wa riƙon wuƙa ita ta samu kujerar. Yaya ta je ta yi mata murna, ta dawo shagona ta cire takalmi ta miƙe ƙafafu a kan benci, ta ce in rage mata ƙugun rigunan aiki, duk sun yi mata yawa. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi damun ta shi ne ba a mayar wa mutum takardarsa, ba ta san ko ta kifin ta samu ba. Ta tambayi Ticha, ya ce sai ya ga ainihin yadda aka rubuta zaɓin. Ta faɗa masa yadda ta tuna, kowane faɗi da yadda yake fitowa, har ya ce ta bar shi haka.

Wani hali kuma ya kama ta. Kome aka faɗa sai ta tsaya ta juya shi. Maƙwabciya ta ce duk yaran da ke zuwa darasin yamma su ne daƙiƙan aji, darasin ba shi da amfani. Yaya ta ce ko dai daƙiƙancin ne ya kai su darasin? Maƙwabciyar ta ji haushi, ɗanta yana ciki. Wani lokaci tambayar takan zauna daram, wani lokaci kuma ba ta da wurin zama sam, ita kanta ba ta rarrabewa. Direba ya ce ciwon kai yake yi saboda zafin rana, ta ce ko ciwon kan ne ya sa ya ji zafin. Ya ce shi dai a ba shi magani.

Shugabar da aka naɗa ba ta daɗe ba, aka yi wa mijinta canjin wurin aiki ta bi shi. Aka sake buɗe jarrabawa. Na ce wa Yaya ta haƙura, ta ce gwiwoyinta ba su haƙura ba. Wannan karon ta sa ni dole in riƙa karanta mata tambayoyin ina kan keke, wai ni ma in ɗanɗana. Na ɗanɗana kuwa. Akwai wata a kan masu shan shayi da rashin barci da ta sa na ɗinke aljihun wani mutum ta ciki. Mukan yi gardama, ita ta ce na biyu, ni in ce na huɗu, mu kira Ticha ya ce na farko ne, mu haɗu mu ce bai iya ba.

Ta shiga jarrabawar ta fito ta ce wannan ta fi ta farko muni, rabi duk cinke ta yi. Ba ta ko je duba allon sanarwa ba. Sista ce ta tare ta a baranda tana tura keken abinci, ta ce mata, "Inna Lami, ko in ce shugaba?" Yaya ta ce kada ta yi mata wasa da tsufa. Da ta ga sunanta da idonta, sai ta hau bene ta sami akawun ofishin ma'aikata, ta ce ya duba da kyau, tana jin an yi kuskure. Ya duba ya ce ba kuskure, da ƙyar dai ta haye, amma ta haye. Ta ce to ya nuna mata waɗanda ta samu da waɗanda ta faɗi. Ya ce ba a nunawa. Ta ce ko guda ɗaya. Ya ce Inna, ki je ki karɓi makullinki.

Ta karɓa. Kujerar shugaba tana wani lungu kusa da ƙofar sito, da ɗan tebur da sikelin awo. Ta zauna a kai ranar farko, sai ta ga daga nan ba a hango tukwane, hayaƙi kuma duk a lungun yake taruwa, don fankar da ke zuƙe shi ta daɗe da mutuwa ba wanda ya kula. Ta sa aka ja mata kujerar zuwa kusa da taga. Sannan ta aika a kira mai gyaran lantarki, ta tsaya a kansa da ƙafafunta masu ciwo har sai da fankar ta juya.